Farauta da Dokokinta a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Matsalar Garken da Ba a Ƙidaya Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa littattafan Turawa da su ka yi magana a kan dokokin farauta zai tarar cewa su na yawan zance a kan dabba guda, wadda a ke kira "deer" da Ingilishi. Masu fassara sun saba mayar da wannan kalma "barewa", kuma haka yara su ke haddace ta tun daga firamare. Fassarar kuwa ta aro ce. Babu wannan dabba a ƙasar Hausa, kuma ba 'yar asalin Afirka kudu da hamadar Sahara ba ce. Iri ɗaya tak na asali da a ke samu a nahiyar yana can cikin dazuzzukan arewa, wajen iyakar Aljeriya da Tunisiya. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce duban ƙaho. Ƙahon barewar Turai ƙashi ne zalla mai rassa, ya kan faɗi kowace shekara wani ya tsiro. Na barewar ƙasar Hausa da danginta ba shi da reshe, yana da kube a bisa ƙashin kamar na saniya, kuma shi ke nan har mutuwa.

Da a ƙaho kaɗai bambancin ya tsaya, da maganar ba ta wuce ta masu ƙamus ba. Amma ya kai ga haihuwa da yaɗuwa, watau ga abin da dokar farauta ta dogara a kansa. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi yadda aka tsara farautar barewa da danginta a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a gargajiyance da kuma a dokar gwamnati, sa'an nan a gwada wannan da abin da ƙasashe masu barewar Turai su ka koya da wahala. Abin da zai fito fili shi ne, tsare-tsaren nan duka sun mai da hankali ga maharbi da makaminsa da lokacin fitarsa, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi yawan dabbar da ke cikin daji.

Sunayen da harshe ya adana

Bahaushe ba shi da kalma guda da ta tattara waɗannan dabbobi, ban da "naman daji" ko "namun dawa", wadda ta haɗa har da zomo da gyado. Kowace da sunanta. Akwai gada, ƙarama mai yawo ita kaɗai, wadda ba ta cika wuce kilo 20 ba. Akwai makurna, 'yar'uwarta ja mai son duhuwar bakin rafi, da batsiya mai son fili, da gadar dutse. Akwai barewa ita kanta, da mazo mai zane a jiki, da kwanta-rafi wanda sunansa ya faɗi mazauninsa, da maraya da gwambaza waɗanda ba su nisa da ruwa. Sa'an nan ga manya, kanki mai dogon fuska, da gwanki wanda namijinsa ya kan haura kilo 250. Yana da kyau a tuna wa ɗalibai cewa rubutun boko ya haɗa gada ta daji da gada ta ƙetare kogi, karin sauti ne kaɗai ya raba su, kuma gaɗa ta 'yan mata da ɗ mai lanƙwasa a ke rubuta ta.

Jama'ar da ta raba wa dabbobi sunaye goma sha wani abu irin haka, lalle ta zauna da su zama na kusa. Karin magana ma shaida ce. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a na yi wa gwanki kirari da "sha bara", domin wuyar samunsa ga mai harbi. Sai dai yaron da aka haifa a Sabongarin Gusau ko Tudun Wada a shekarun nan zai iya kawo karin maganar a jarrabawa ya ci maki, alhali in an nuna masa hoton kanki da na gwanki ba zai raba su ba. Sunan dabba ya kan daɗe a baki bayan ita ta bar daji, amma ma'anarsa ta kan dushe, har a wayi gari duk mai ƙaho da gudu ya zama "barewa".

Tsarin gargajiya

Ƙasar da a ke magana a kanta ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, wadda gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau ya wuce Bunguɗu. Tun kafin Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a zamanin jihadi akwai tsofaffin mazauna kamar 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, wadda ta shahara da malamai, da Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu, wadda ta shahara da dutsenta da bikin kamun maiki da aka daɗe a na yi kafin a daina. Tsakanin gari da gari kuwa daji ne, kuma ta kudu, wajen Ɗansadau, dajin ya miƙe har ƙasar Birnin Gwari.

Dole a raba abu biyu da a kan cakuɗa. Harbi, ko halbi a karin harshen Zamfara, sana'a ce ta gado. Mahalbi ya kan fita shi kaɗai ko da ɗansa, da baka da kwari da kibiya mai dafin kwankwani, daga baya kuma da bindigar toka. Ya kan yi kwanto a mashaya, ko ya yi bago bisa itace, ko ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta sanɗa har ya kusanci garke. Farauta kuwa ta gayya ce. A na buga ganga, samari da 'yan tauri na garuruwa da yawa su fito da karnuka da gora da gatari, su kewaye daji su kora. Nama a wurinsu ba shi ne kan gaba ba, nuna jaruntaka ne, shi ya sa ƙwace da faɗa a kan abin da aka kashe su ka zama ruwan dare, kuma shi ya sa makaɗa irin su Kassu Zurmi su ka sami fage.

Wannan duka yana da shugabanci. Sarkin dawa, ko sarkin baka a wasu wurare, shi ke da izinin daji a ƙarƙashin sarkin gari. Baƙon maharbi ba ya shiga sai ya kai gaisuwa, kuma in an kashe babbar dabba akwai rabon da a ke fitarwa a kai wa shugabanni. Akwai kuma lokaci. Ba a fara farautar gayya sai an kawar da amfanin gona an yi buɗin daji, al'adar da Guy Nicolas ya bayyana dalla-dalla game da Hausawan kwarin Maraɗi a littafinsa na 1975. Bugu da ƙari, maharba da yawa sun yi imani cewa manyan dabbobi irin gwanki da ɓauna su na da wani asiri da ke bin wanda ya kashe su ba da shiri ba, don haka sai wanda ya tsufa a sana'ar ya ke tunkarar su.

Musulunci ya ƙara nasa iyakoki. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, farauta don neman abinci halal ce, amma ta wasa da shaƙatawa kawai makaruhi ce. Fikihu ya kuma san hurumi da keɓe wani yanki na ƙasa don amfanin jama'a, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hukunce-hukuncen wannan a littafinsa Ta'alimur Radi.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin marubuta na zamani sun cika son su mayar da kakanni masana kimiyyar kiyaye dabbobi. Rufe daji da damina ya faru ne saboda kowa yana gona, ciyawa ta yi tsawo, kuma korar nama za ta tattake shuka. Ba don dabba ta sami sararin haihuwa aka yi shi ba. Hasali ma kanki da rani ya fi haihuwa, watau daidai lokacin da aka buɗe daji, gwanki kuwa ba shi da ƙayyadadden wata. Abin da ya kare namun dawa a wancan zamani shi ne faɗin daji, da ƙarancin mutane, da gajeren zangon kibiya, da kuma tsoron yaƙi da harin bayi wanda ya hana kowa yin nisa da ganuwa. Tsarin sarkin dawa ya isa matuƙar waɗannan abubuwa na nan. Bai taɓa bukatar ƙidaya ba, domin ba a taɓa zaton nama zai ƙare ba.

Dokar Bature da magajiyarta

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu tunani, wanda aka tsara a tarurruka biyu na birnin Landan, na 1900 da na 1933. A Nijeriya an kafa dokar kiyaye namun daji a 1916. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, kuma ita ce jihohin da su ka fito daga cikinta su ka gada: Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, da Jihar Zamfara a 1996. Dokar ta kasa dabbobi aji uku, waɗanda aka haramta taɓawa, da masu kariya ta musamman, da masu kariya kawai, ta kuma ɗora farautar na biyu da na uku a kan lasisi. Ta hana kashe ƙaramar dabba da uwa mai ɗa a tare da ita, ta hana wasu dabaru kamar bin nama da mota, ta ba hukuma ikon keɓe gandun daji. A 1985 gwamnatin tarayya ta ƙara da doka mai lamba 11 a kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, domin cika alkawarin yarjejeniyar duniya ta 1973 a kan cinikinsu. Tarar da ta yanka wa wanda ya fara laifi a kan dabbobin jeri na farko naira 1,000 ce, kuma haka ta zauna a takarda har 2016 da aka yi mata gyara, bayan kuɗin sun daɗe da komawa abin dariya.

A kan takarda babu laifi ga yawancin wannan. Illar tana wurare uku, kuma ta farko ta harshe ce. Da Ingilishi aka rubuta dokar, ga mutanen da ba su karanta shi. Mahalbin ƙasar Tsafe wanda ya san sawun batsiya daga na gada a kan busasshiyar ƙasa bai san a wane jeri aka sa kowace ba, ma'aikacin da ya san jerin kuwa sau da yawa bai san sawun ba. Ta biyu, dokar ta ɗauke iko daga hannun sarkin dawa ta miƙa wa ma'aikacin gandun daji, wanda ba shi da yawa, ba shi da abin hawa, kuma baƙo ne a garin. Dajin da a da ya ke da mai shi sai ya zama na gwamnati, kuma kowa ya san yadda a ke yi da kayan gwamnati. Ta uku ita ce babba. Lasisi yana faɗa wa mutum ɗaya abin da zai kashe, amma ba ya faɗin jimillar abin da daji zai iya ɗauka a shekara, domin wannan sai an ƙidaya.

A daidai wannan lokaci kuma duk abubuwan da su ka kare dabbobin a da su ka shiga rushewa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa su ka sami kasuwa, aka yi ta sheme daji. Zaman lafiya ya sa mutane su ka fito daga ganuwa da kan duwatsu su ka kafa tungaye. Shanu su ka ƙaru, su ka raba ciyawa da mashaya da namun dawa, su ka kuma raba cuta da su, musamman bushiya, wadda ta yi ɓarna wajen 1890 ta kuma dawo a 1983 kafin a kawar da ita daga duniya a 2011. Farin 1973 da na 1984 su ka ƙara matsi. Makami ma ya sauya. Fitilar goshi ta mayar da dare rana, ga shi kuwa gada in haske ya bugi idonta tsayawa ta ke yi. Tarkon waya ba ya tambayar mace ko namiji. Wutar da a ke sa wa daji a tsakiyar rani don korar nama ta fi ta farkon kaka ɓarna nesa ba kusa ba, domin ta kan cinye maɓoya da 'ya'yan da uwayensu su ka ɓoye a ciki. A ƙidayar 2006 mutanen Jihar Zamfara sun haura miliyan 3.

Amsar hukuma ga wannan ita ce gandu. A 1971 aka keɓe gandun namun daji na Kuyambana, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 2,600, kudu da Gusau a ƙasar Ɗansadau ta ƙaramar hukumar Maru a yau. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi ya zama gandun tarayya a 1999. Dazuzzukan nan biyu a wurin dabba daji ɗaya ne, giwaye da gwankaye sun kasance su na ƙetarawa tsakaninsu, amma a wurin doka biyu ne, ɗaya na jiha ɗaya na tarayya. Kuyambana ya fi Kamuku faɗi fiye da ninki biyu, ya ma ɗan fi Yankari, amma bai taɓa samun irin kulawar da Yankari ta samu tun da aka buɗe ta ga baƙi a 1962 ba.

Abin da barewar Amurka ta koyar

A nan ne labarin dabbar da aka fara da ita ya ke da amfani. Wajen shekarar 1900 barewar Amurka mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, saboda masu harbi don kasuwa da saran daji. An ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce 500,000 ba a duk faɗin ƙasar. A yau a na ƙiyasta ta da wajen miliyan 30. Matakan da su ka kawo haka sanannu ne. Dokar tarayya ta 1900 ta hana ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya karya kasuwar. Jihohi su ka yanka gajeren lokacin farauta, wasu kuma, kamar Fensilbaniya a 1907, su ka hana harbin mace sam. A 1937 aka yi dokar da ta keɓe harajin bindigogin farauta da harsashi, wanda ya kai kashi 11 cikin ɗari, aka ce ba za a kashe shi a kan kome ba sai namun daji. Watau maharbi shi ke biyan mai ƙidaya da mai gadi.

Sai dai hani kaɗai shi ma ya nuna nasa aibi. A 1906 aka haramta farauta a tudun Kaibab na jihar Arizona, inda a ke da barewa wajen 4,000, aka kuma bi kyarketai da zakunan dutse da diloli aka karkashe. Garken ya yi ta hauhawa har ya cinye tsiron da ya ke rayuwa a kai, daga 1924 kuma yunwa ta shiga kashe shi dubbai. An daɗe a na cewa ya kai 100,000 kafin faɗuwar, amma a 1970 Graeme Caughley ya nuna cewa adadin hasashe ne, wasu da su ka ga wurin ma sun ce bai wuce 30,000 ba. Wannan gardama ita kanta darasi ce, domin ta nuna cewa ko waɗanda su ka kafa dokar ba su san abin da su ke tsaro ba. Daga irin wannan kuskure ne aka gina ilmin sarrafa garke, wanda Aldo Leopold ya tsara a littafinsa na 1933. Ginshiƙinsa a ƙidaya, a san iyakar abin da ƙasa za ta ciyar, sa'an nan a yanka adadin maza da na mata da za a cire. In a na son garke ya ƙaru a bar mata, in ya yi yawa a buɗe harbinsu.

To, amma wanda zai ɗauko wannan tsari ya kawo Zamfara sai ya tuna da kuskuren fassara. Barewa mai farar wutsiya in ta sami abinci tagwaye ta saba haifa, kuma ta kan fara tun tana shekara ɗaya ko biyu, don haka garkenta yana jure a cire kaso mai yawa kowace shekara. Gwanki cikin wata tara ta ke yi, ɗa guda ta ke haifa, ba ta farawa sai ta kusa shekara uku, sa'an nan ta ɓoye ɗan a ciyawa na wasu makonni, inda wuta da kare da kura ke samunsa. Kanki ma ɗa guda ne bayan wata takwas. Gada ce kaɗai ta yi kusa da waccan a saurin balaga, tun ba ta cika shekara ba, ga shi ba ta bukatar mashaya kullum, tana cin ganye da 'ya'yan itace a gefen gona. Shi ya sa ta fi sauran jurewa kusa da mutane, alhali manyan su ne su ka fara ɓacewa. Dokar da ta sa musu ma'auni ɗaya za ta takura wa mai neman gada ba dalili, ta kuma bar gwanki ya ƙare.

A ɗauki lissafi na misali, ba ƙidayar wani daji ba. A ce akwai gwanki 100, manyan mata 45, manyan maza 25, ƙanana 30. In mata 36 su ka haihu, rabin 'ya'yan su ka kai shekara, an sami 18. In tsufa da ciwo da namun da ke cin nama su ka ɗauke 10 daga sauran, ribar shekara 8 ce. Maharban gari biyar, kowane gari ya kashe biyu, sun wuce ribar sun shiga uwar kuɗi, alhali ba wanda zai ga ya yi ɓarna. In takwas ɗin nan maza ne, haihuwar baɗi ba za ta ragu da yawa ba, tun da namiji ɗaya ke riƙe garken mata. In mata ne, an rasa haihuwa wajen shida a baɗi, da wata shida a shekarar da ke biye. Makiyayi ya san wannan sarai, shi ya sa bijimi ya ke kai wa kasuwa ya bar karsana. Abin mamaki ne a ce ƙasar da kowane Bafillace ya san lissafin garke ba ta taɓa yi wa garken daji wannan lissafi ba.

Misalin da ya fi kusa da gida yana Burkina Faso. A 1979 aka kafa gandun Nazinga kusa da garin Po, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 940, a ƙasa mai irin itatuwa da irin dabbobin Kuyambana. An gina ƙananan madatsai don ruwan rani, aka riƙa bin layuka da ƙafa kowace shekara a na ƙidaya, aka yanka adadin da za a cire, aka kuma ba ƙauyukan kewaye rabo a cikin amfanin. Cikin shekarun 1980 dabbobin sun ƙaru ƙwarai, har da gwanki da kanki. Wannan ya nuna cewa dabbar yankin tana dawowa in an san yawanta, kuma maƙwabcin daji yana da abin da zai rasa in ta ƙare.

Halin da a ke ciki

Tun wajen 2011 dazuzzukan Zamfara su ka koma maɓoyar 'yan bindiga. Kuyambana da dajin Munhaye na ƙasar Tsafe sun fi fitowa a labaran hari da garkuwa da mutane fiye da labarin namun dawa. Ma'aikacin gandu ba ya shiga, manomi ya bar gonarsa ta nesa, farautar gayya ta ja baya, maharba da yawa kuma sun juya makamansu ga tsaron garuruwansu. Wasu na cewa tun da mutane sun janye, watakila nama ya sami sarari. Ba a gina hukunci a kan wannan fata, domin waɗanda ke zaune a dajin su na ɗauke da bindigogin da su ka fi na kowane mahalbi, su na kuma tare da shanu masu yawa a kan mashayar da dabbobin su ka dogara da ita.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandaye goma na ƙasa. Babu na Zamfara a ciki, amma akwai dajin Kogo na ƙasar Faskari a Jihar Katsina, maƙwabciyar Tsafe ta gabas. In an dubi taswira, Kogo da Kamuku da Kuyambana sarƙa ɗaya ce da ta ratsa jihohi uku, kuma duk tsarin da ya tsaya a iyakar jiha ɗaya zai bar garke ya tsira a nan a kashe shi a can.

Ranar da hanya ta buɗe, aikin farko ba ya bukatar jirgin sama ko sabuwar doka. Yana bukatar mutanen da za su bi layi da ƙafa da sassafe, su dubi sawu da kashi a bakin mashaya, su ce wannan na mazo ne, wannan na kwanta-rafi, mace ce da ɗanta, jiya da dare su ka wuce. Masu wannan sani su ne tsofaffin mahalban Kwatarkwashi da Tsafe da ƙauyukan kudancin Gusau, kuma yawancinsu sun haura shekara sittin. Akwai aiki a nan ga ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: a zauna da su da na'urar ɗaukar magana, a rubuta sunan kowace dabba da na namijinta da na ɗanta, da watan da su ka saba ganin ta da ciki, da fadamar da kowannensu ya yi mata ganin ƙarshe da kuma shekarar.